CLAUDE MONET DA SANA'AR ZANE A FILIN ALLAH, 1840-1926

Gabatarwa

A shekarar 1880 wani ɗan jarida mai suna Emile Taboureux ya tafi ƙauyen Vétheuil, a bakin kogin Seine na ƙasar Faransa, domin ya yi hira da wani mai zane ɗan shekara 39 wanda sunansa ya fara fitowa. Da ya nemi a nuna masa ɗakin da maigidan yake aiki a ciki, sai Claude Monet ya ce shi bai taɓa mallakar ɗakin zane ba, kuma bai ga yadda mutum zai kulle kansa a ɗaki ya ce zai zana duniya ba. Ya miƙa hannu ya nuna wa baƙon kogi da tuddai da ƙauyen kansa, ya ce ga ɗakin aikinsa nan.

Wannan magana ta bi duniya, har ta zama ita ce abin da akasarin mutane suka sani game da shi, watau mutum ne da ya ɗauki allonsa da fentinsa ya fita fili, ya zana abin da idonsa ya gani nan take, ya koma gida da aiki gamamme. Faransawa suna kiran irin wannan aiki en plein air, ma'ana a sarari, inda iska take kaɗawa. Maƙasudin wannan lacca shi ne a bi rayuwar Monet tun daga ƙuruciya, a ga halin da ya tarar da sana'ar, da wahalar da fitarsa fili ta jawo masa, sa'an nan a auna maganar da ya faɗa wa ɗan jaridar nan da abin da wasiƙunsa da allunansa suka nuna.

Yadda ya tarar da sana'ar

A Faransa ta ƙarni na 19 sana'ar zane tana da fada, tana da hakimai. Wata majalisar masana fasaha, Académie des Beaux-Arts, ita take da faɗa a ji a kan koyarwa, kuma ra'ayinta ne yake rinjaye a wurin alƙalan babban baje kolin Faris da ake kira Salon. Wanda alƙalai suka karɓi aikinsa ya sami masu saye, watakila ma ya sami kwangilar gwamnati. Wanda aka ƙi kuwa, akan buga harafin R a bayan katakon allonsa, alamar an mayar da shi, kuma da wuya mai kuɗi ya sayi allo mai wannan tambari.

A wurin waɗannan alƙalai zane hawa-hawa ne. Mafi daraja shi ne wanda ya ɗauko labari daga tarihi, ko littattafan addini, ko tatsuniyoyin Girkawa da Rumawa. Sai hoton manyan mutane, sai na zaman yau da kullum. Zanen shimfiɗar ƙasa, watau daji da gona da kogi da sararin sama, yana can kusa da ƙarshe. Bugu da ƙari ana so a sassantse fenti har kada a ga sawun burushi ko ɗaya, a kuma cika inuwa da baƙi da ruwan ƙasa, kamar yadda hasken taga ɗaya yake nuna abu a cikin ɗaki.

Fita fili da fenti ba Monet ne ya fara shi ba. Tun 1800 Pierre-Henri de Valenciennes ya wallafa littafi yana umurtar ɗalibai su riƙa gwajin zane a waje, yana gargaɗinsu kada gwajin ya wuce awa biyu, in kuwa fitowar rana ce ko faɗuwarta to rabin awa, domin haske ba ya jiran kowa. A Ingila, John Constable ya shafe 1821 da 1822 yana zana gizagizai a Hampstead, yana rubuta kwanan wata da lokaci da inda iska ta fuskanta a bayan takarda. A Faransa akwai Corot, da masu zanen ƙauyen Barbizon na bakin dajin Fontainebleau, da Daubigny wanda ya mai da kwalekwale ɗakin aikinsa a 1857. To amma ga yawancinsu abin da aka yi a fili gwaji ne kawai, tamkar rubutun allo da za a wanke. Ainihin zanen da za a kai Salon a ɗaki ake yinsa. Abin da Monet da abokansa suka zo da shi shi ne su ce wannan gwajin shi ne aikin, a sa masa hannu, a rataye, a sayar.

Akwai kuma abubuwan da zamani ya tanadar musu. Kafin 1841 ana ɗura fenti ne a cikin mafitsarar alade, a huda ta da ƙusa in za a matsa, ragowar kuwa ya bushe ko ya tsiyaye a jaka. A wannan shekara wani Ba'amurke mazaunin Landan, John Goffe Rand, ya yi rajistar ɗan bututun kuza mai matsuwa, irin wanda ake zuba man goge baki a cikinsa yanzu. Masana haɗa magunguna sun riga sun fito da sababbin launuka masu ƙarfi da araha, shuɗi iri biyu da rawaya, daga baya kuma wani kore a 1859. Jirgin ƙasa ya haɗa Faris da bakin tekun Le Havre a 1847. Kyamara ma ta bayyana a 1839, ta fara ɗauke wa masu zane aikin kwafar kamannin abu daidai wa daida.

Ƙuruciya da koyo

An haifi Oscar-Claude Monet a Faris ranar 14 ga Nuwamba, 1840, amma yana da shekara biyar iyayensa suka koma Le Havre, babbar tashar jiragen ruwa ta Normandi, inda mahaifinsa ya shiga cinikin kayan masarufi da guzurin jiragen ruwa. Yaron bai ba makaranta muhimmanci ba. Abin da ya iya shi ne zanen zolaya. Yakan zana manyan gari da ƙaton kai da ɗan siririn jiki, a kafa a tagar wani kanti, a biya shi faran 10 zuwa 20 kowane ɗaya, kuɗin da ya fi ladan leburan lokacin na yini biyu. A wannan taga ake kafa ƙananan zanen teku na Eugène Boudin, ɗan wani ma'aikacin jirgin ruwa daga Honfleur, wanda ya girme shi da shekara 16. Monet ya faɗa da bakinsa daga bisani cewa ya raina aikin Boudin, har yana kauce wa haɗuwa da shi. Boudin bai yi zuciya ba. Ya yi ta lallashinsa har wajen 1858 yaron ya yarda ya bi shi bayan gari, ya tsaya yana kallon yadda yake aiki. Har ya tsufa Monet yana cewa a wannan rana idonsa ya buɗe.

Ya tafi Faris a 1859. A 1861 ƙuri'ar aikin soja ta faɗa kansa, wa'adin shekara bakwai, aka tura shi rundunar mahaya dawaki a Aljeriya, ƙasar da Faransa ta mamaye tun 1830. Bai wuce shekara guda ba zazzaɓin taifot ya kwantar da shi, aka mai da shi gida, gwaggonsa Marie-Jeanne Lecadre ta biya kuɗi ta fanshi sauran wa'adin. Zane-zanen da ya yi a can sun ɓace, amma shi kansa ya ce haske da launin da ya gani a arewacin Afirka su ne irin da ya tsiro cikin aikinsa daga baya.

Sharaɗin gwaggo shi ne ya shiga hannun malami na ƙwarai. Saboda haka a ƙarshen 1862 ya shiga makarantar Charles Gleyre. Bai ƙaru da malamin sosai ba, amma a nan ya haɗu da Renoir da Sisley da Frédéric Bazille, ya kuma ja su zuwa dajin Fontainebleau kamar yadda Boudin ya ja shi.

Shekarun ƙunci

Da farko abin ya zo da sauƙi. Salon ta 1865 ta karɓi zanensa biyu na bakin teku, ta 1866 kuma ta karɓi hoton wata budurwa mai koriyar riga, Camille Doncieux, wadda ta zama matarsa. Sai ya ɗauko abin da ya fi ƙarfin kowa a lokacin. Ya ƙudura zai zana babban allo irin na Salon, mai tsawon fiye da mita biyu da rabi, a tsakiyar lambu. Da yake hannunsa ba zai kai sama ba, kuma in ya hau tsani abin da yake gani zai sāke, sai ya sa aka haƙa dogon rami, ana zura allon ciki da igiya ana ɗago shi. An ce Gustave Courbet ya ziyarce shi ya tarar da shi zaune ba ya aiki, domin rana ta shiga gajimare, ya ƙi taɓa ko ganye ɗaya sai ta fito. Wannan zane na mata huɗu a lambu, Femmes au jardin, alƙalan 1867 suka ƙi shi. Bazille, wanda iyayensa masu hali ne, ya saye shi faran 2,500, yana biya faran 50 duk wata domin abokinsa ya sami na cefane. A 1921 gwamnatin Faransa ta sayi wannan zane daga hannun Monet faran 200,000.

A 1867 Camille ta haifi ɗansu Jean ba tare da aure ba, mahaifin Monet ya janye hannunsa. Wasiƙun shekarun nan cike suke da roƙon rance, da labarin masu bin bashi, da ƙarewar fenti. Duk da haka a cikinsu ne ya gano abin da ya raba aikinsa da na magabata. A hunturun 1868 zuwa 1869, kusa da Etretat, ya tsaya cikin dusar ƙanƙara ya zana wani shinge da tsuntsu guda a kan ƙyaurensa. Inuwar shingen a kan farar ƙasa ba baƙa ya yi ta ba, shuɗiya ya yi ta, domin haka take ga wanda ya tsaya ya duba: wurin da rana ba ta kai ba, hasken shuɗin sama ne yake sauka a kansa. Tun 1839 Michel-Eugène Chevreul, shugaban sashen rini na masaƙar Gobelins, ya bayyana a rubuce cewa launi yakan sāke a ido gwargwadon launin da yake maƙwabtaka da shi, abin da kowane marini da mai ɗinkin hula ya sani a aikace. Alƙalan 1869 suka ƙi wannan zane shi ma. A wannan shekara kuma shi da Renoir suka kafa allunansu kafaɗa da kafaɗa a wani wurin wanka a kogin Seine, La Grenouillère, suna ɗiga fenti guntu-guntu ba tare da gaurayawa ba, domin ruwa mai motsi ba ya tsayawa a sassantse shi.

Ya auri Camille a Yunin 1870. Zanen da ya yi mata a bakin tekun Trouville a wannan shekara yana gidan zane na ƙasa a Landan, kuma har yanzu akwai ƙwayoyin yashin da iska ta watsa a cikin fentinsa tun yana ɗanye. A Yuli yaƙi ya ɓarke tsakanin Faransa da Furushiya. Monet ya tsallaka Landan. Bazille ya shiga soja, aka kashe shi a Nuwamba yana da shekara 28. A Landan Daubigny ya haɗa Monet da Paul Durand-Ruel, dillalin zane wanda shi ma yaƙi ya koro, mutumin da ya sayi zanen Monet kimanin 1,000 a tsawon rayuwarsa, ya kuma kusa karyewa saboda riƙe kayan da ba mai so.

Argenteuil da nunin 1874

Bayan ya biya ta Holan, a ƙarshen 1871 ya zauna a Argenteuil, tafiyar kwata ɗaya a jirgin ƙasa daga Faris. Ya sayi kwalekwale ya kafa masa rumfa, kamar na Daubigny, domin ya zana ruwa daga kan ruwa. Ya kamata a lura a nan cewa labarin talaucin Monet an ƙara masa gishiri. Littafin lissafinsa ya nuna ya sami fiye da faran 12,000 a 1872, ya kuma sami kusan ninkin haka a 1873, abin da ya fi samun likitoci da yawa na Faris. Mutum ne mai son ci mai kyau da sutura mai kyau da barori, hannunsa ba ya riƙe kuɗi, saboda haka da kasuwa ta faɗi a ƙarshen 1873, Durand-Ruel ya daina saye, nan da nan ya koma roƙo.

Wannan faɗuwar kasuwa tana cikin abin da ya sa shi da Pissarro da Renoir da Sisley da Degas da Berthe Morisot da Cézanne suka kafa ƙungiya domin su nuna aikinsu ba da izinin Salon ba. An buɗe nunin ranar 15 ga Afrilu, 1874, a tsohon shagon mai ɗaukar hoto Nadar, da masu zane 30. Cikin abin da Monet ya kawo akwai wani ƙaramin zanen tashar Le Havre da asuba, jar rana tana ɓullowa ta cikin hazo da hayaƙi, wanda ya yi a 1872 daga tagar masauki. Ya sa masa suna Impression, soleil levant, watau abin da ya faɗo wa ido a kallon farko sa'ad da rana take fitowa. Wani marubucin jaridar barkwanci Le Charivari, Louis Leroy, ya ɗauki kalmar ya yi musu ba'a da ita, ya kira su impressionnistes, 'yan kallon farko. Sunan ya bi su, daga baya suka karɓe shi. Mutane kimanin 3,500 suka shiga nunin cikin wata guda, ciniki bai yi ba, ƙungiyar ta rushe da bashi kafin ƙarshen shekara. An ci gaba da irin wannan nuni har sau takwas zuwa 1886, Monet ya shiga biyar.

Wanda ya sayi zanen fitowar ranar shi ne Ernest Hoschedé, attajirin yadi, a kan faran 800. A 1877 jarinsa ya karye, da aka yi gwanjon kayansa a 1878 zanen ya tafi a faran 210. Iyalan biyu, na Monet mai 'ya'ya biyu da na Hoschedé mai 'ya'ya shida, suka haɗu a gida ɗaya a Vétheuil domin rage kuɗin haya. A nan Camille ta rasu ranar 5 ga Satumba, 1879, tana da shekara 32. Monet ya zana ta a kan gadon mutuwa, kuma ya shaida wa abokinsa Georges Clemenceau, bayan shekaru masu yawa, cewa ya tsorata da kansa da ya ga idonsa yana bin launukan da suke sākewa a fuskar mamaciyar. Hunturun da ya biyo baya ya yi tsanani har kogin Seine ya daskare. Da ƙanƙarar ta fashe a Janairun 1880, ya fita cikin sanyin ya yi ta zana ta tana tafiya bisa ruwa. Watanni kaɗan bayan wannan ne ɗan jaridar nan ya zo masa.

Giverny da tafiye-tafiye

A Afrilun 1883 ya kama hayar gida a Giverny, kimanin kilomita 75 daga Faris, tare da Alice Hoschedé da yaran duka. (Sun yi aure a 1892, bayan mutuwar Ernest.) Shekaru goma da suka biyo baya su ne ainihin shekarunsa na fili, kuma wasiƙun da yake aika wa Alice kusan kullum sun nuna irin aikin ƙarfin da ke ciki. Marubuci Guy de Maupassant ya gan shi a Etretat a 1885, yara suna biye da shi ɗauke da allo biyar ko shida na wuri ɗaya, yana ɗaukar wannan yana ajiye wancan gwargwadon yadda sama ta juya. A Nuwamban wannan shekara ya karanta jadawalin cikowar teku na ranar da ba ita ba, igiyar ruwa ta maka shi da dutse, ta tafi da allon da kayan aikin, ya fito da rarrafe, gemunsa duk fenti. A tsibirin Belle-Ile a 1886 sai da ya ɗaure maɗorin allonsa da igiya da duwatsu saboda iska. A kwarin Creuse a 1889 ruwan sama ya tsare shi makonni, kafin ya koma kan wani babban itace da ya fara zanawa ba ganye, itacen ya yi toho. Ya biya mai gonar faran 50, aka kawo mutum biyu da tsani suka tsige ganyen. Wannan abin dariya ne, amma yana nuna iyakar da'awar bin halitta sau da ƙafa: mai zanen ya gyara itacen domin ya dace da allon.

Daga dabarar sauya allo ne jerin zane ya fito. Daga ƙarshen 1890 zuwa farkon 1891 ya zana tarin dammunan alkama na wani maƙwabcinsa sau 25 ko kusa da haka, da safe, da yamma, cikin raɓa, cikin dusar ƙanƙara. A Mayun 1891 Durand-Ruel ya rataye 15 daga ciki a ɗaki ɗaya, aka saye su cikin 'yan kwanaki, da yawa suka tafi Amurka, kasuwar da dillalin ya buɗe da nunin New York na 1886. Pissarro ya yi gunaguni a wasiƙa cewa abin ya zama ciniki, kuma akwai ƙamshin gaskiya a maganarsa, domin jeri yana ba dillali kaya iri ɗaya masu yawa. Sai dai wanda ya ga allunan a jere ya san dami ba shi ne abin zanawa ba. Abin zanawa shi ne hasken da iskar da suke tsakanin ido da damin. A 2019 an yi gwanjon ɗaya daga cikinsu a New York a kan dala miliyan 110.7.

A 1891 ɗin dai ya koma kan wasu dogayen itatuwa da ke jere a bakin rafin Epte. Yana cikin aiki hukumar ƙauyen ta sa su a gwanjo. Ya je ya shirya da wani mai sayar da katako, ya cika masa kuɗi, bisa sharaɗin kada a sare su sai ya gama. Maƙwabciyarsa Ba'amurkiya, Lilla Cabot Perry, ta ruwaito cewa ya gaya mata hasken ɗaya daga cikin allunan nan minti bakwai kawai yake yi a yini, kafin rana ta bar wani ganye da ya sa wa ido.

Shin a fili aka gama su?

A nan ne maganar 1880 take buƙatar gyara. In haske minti bakwai yake yi, allon kuwa yana da fenti hawa-hawa mai kauri, to ba a minti bakwai aka yi shi ba. Masanin tarihin zane Robert Herbert ya nuna a 1979 cewa a allunan Monet da yawa fentin ƙasa ya riga ya bushe kafin a ɗora na sama, kuma sawun burushin da ake gani kamar na gaggawa ne sau da yawa shiryayye ne, an ɗora masa launi daga baya. Wasiƙunsa ga Durand-Ruel ma sun tabbatar da haka. Kusan duk dawowa daga tafiya yakan nemi a ba shi makonni ya daidaita allunan a gida kafin ya aika.

Da tafiya ta yi nisa rabon ɗaki ya ƙaru. Babbar majami'ar Rouen, wadda ya zana fiye da sau 30 a 1892 da 1893, daga tagogin benayen da ke fuskantarta ya yi ta, ya gama a Giverny, ya sa wa allunan shekarar 1894. Gadojin Landan da majalisar dokokinta cikin hazo, kusan allo 100 da ya fara tsakanin 1899 da 1901 daga otel ɗin Savoy da asibitin St Thomas, shekara uku ya yi yana aikinsu a gida, ya kuma ƙi sakin ko ɗaya yana cewa sai ya gan su duka a gabansa. Da aka fara tsegumi a Landan a 1905 cewa ya yi amfani da hoton kyamara, ya rubuta wa dillalinsa cikin fushi cewa ko a gaban abin ya zana ko ba a gabansa ba, ba ruwan kowa, sakamakon shi ne abin dubawa. A Giverny kuwa, mutumin da ya ce bai taɓa mallakar ɗakin zane ba ɗakuna uku ya yi.

Wannan bai mai da shi maƙaryaci a sana'arsa ba, ko da yake ya san amfanin labari mai daɗi a wurin 'yan jarida da masu saye. Yashin Trouville gaskiya ne, igiyar ruwan Etretat ma gaskiya ce. A fili yake samo launi da yanayin haske, waɗanda ba mai iya ƙirƙiro su da ka. A ɗaki yake sa allunan su yi magana da juna. Kuskuren masu yabonsa na farko shi ne da suka ɗauke shi ido kawai, suka manta da shekarun lissafi da gogewa da kankarewa da suke bayan kowane allo.

Bado da yanar ido

A 1890 ya sayi gidan Giverny faran 22,000. A 1893 ya sayi wani fili mai dausayi a ƙetaren layin dogo, ya nemi izinin karkato ruwan wani reshen Epte domin ya yi tafki. Manoma da mata masu wanki suka ƙi, suna tsoron baƙin tsire-tsirensa za su sa wa ruwan guba, dabbobi su sha. Sai da ya kai kuka wurin gwamnan lardin Eure aka ba shi izini. Ya shuka bado iri-iri, ya kafa gada irin ta Japan, ya faɗaɗa tafkin a 1901, har ya kai yana da ma'aikatan lambu shida, ɗaya aikinsa kula da tafkin da wanke ƙurar hanya daga ganyen bado. Mai bin daji da allo ya gina wa kansa dajin da zai zana. Ya yi zanen bado kimanin 250, yana ta sunkuyar da kallonsa har bakin tafki da sararin sama suka fita daga allon, sai ruwa da abin da ya faɗa cikinsa na inuwar gajimare da itatuwa. A 1908 ya yayyaga aƙalla 15 da bai gamsu da su ba, aka ɗaga nunin zuwa 1909, inda ya nuna 48.

Alice ta rasu a 1911, ɗansa Jean a 1914. A 1912 likita ya tabbatar masa da yana a idanu biyu. Launuka suka fara rikice masa, ja ya dushe, shuɗi ya ɓace, komai ya koma rawaya da ruwan ƙasa, har ya riƙa dogara da sunan da ke jikin bututun fenti da wurin da ya saba ajiye kowane launi. Ya ji tsoron fiɗa shekara goma. Duk da haka a 1915, ana tsakiyar yaƙin duniya na farko, ɗansa Michel yana soja, ya gina ɗaki na uku, ƙato mai rufin gilashi, domin alluna masu tsayin mita biyu da ba za su fita bakin tafki ba. Blanche, 'yar Alice kuma matar marigayi Jean, ita ta riƙe gidan, tana taya shi jan allunan.

Ranar 12 ga Nuwamba, 1918, washegarin tsagaita wuta, ya rubuta wa Clemenceau, wanda a lokacin shi ne firayim minista, cewa yana so ya ba ƙasa kyautar zane domin murnar zaman lafiya. An sa hannu a takardar kyautar a Afrilun 1922. Clemenceau, wanda likita ne tun asali, shi ya matsa masa har ya yarda aka yi masa aiki a idon dama a 1923. Ya sami sauƙi da taimakon tabarau na musamman, ya koma kan allunan, yana gyara, yana ƙona waɗansu, yana ɗaga ranar miƙawa, har ya rasu ranar 5 ga Disamba, 1926, yana da shekara 86, allunan suna ɗakinsa.

An buɗe su ga jama'a a Mayun 1927 a ginin Orangerie da ke Faris: allo 22 da aka haɗa suka zama zane takwas, tsawonsu gaba ɗaya mita 91, a zagaye da ɗakuna biyu masu siffar ƙwai. Zamani ya riga ya juya zuwa ga Picasso da ire-irensa, saboda haka ɗakunan suka zauna kusan ba kowa shekara ashirin da wani abu, sai a shekarun 1950 masu zanen Amurka da na Faransa suka waiwaye su. Michel ya rasu a 1966, ya bar gidan Giverny da zane-zanen da suka rage a hannun Académie des Beaux-Arts, majalisar da ra'ayinta ya hana mahaifinsa shiga Salon. An gyara gidan da lambun, aka buɗe su ga baƙi a 1980. A Orangerie kuwa, a shekarun 1960 an gina bene a bisa ɗakunan bado, ya toshe hasken rana da Monet ya shirya allunan dominsa. Haka suka zauna ƙarƙashin fitila har aka rufe ginin a 2000, aka rushe benen, aka sake buɗewa a 2006 da rufin da rana take ratsawa.